Ranar da Ɗan Fari Ya Shigo da Buhu

Ina gaida mutanen Funtua da Bakori da Ɗanja, ina gaida na Malumfashi da Ƙafur da Ƙanƙara, ina gaida na Ɗandume da Sabuwa da Faskari, da duk wanda muryata ta iske a wannan ƙasa tamu ta Karaɗuwa, ko yana zaune gindin rumbu, ko ya rataya rediyo a kafaɗa ya kama hanyar gona. Iyayenmu mata da ke tsakar gida, sannunku da aiki. Ku ɗan sassauta wa turmi, don zancen yau ya shafe ku kamar yadda ya shafi iyaye maza.

Zan fara da labarin da wani dattijo ya ba ni da bakinsa, a wani ƙauye tsakanin Bakori da Malumfashi. Damina ta yi tsakiya, masara ta kai ƙugu, lokacin zuba taki na biyu ya yi har yana neman wucewa. Ganye ya fara komawa ruwan ɗorawa, kuma duk manomin masara ya san abin da wannan launi ke faɗa: gona na jin yunwa. Dattijon nan ba shi da kuɗin yuriya. Ya kwana uku yana saƙa da warwara, ko ya sayar da ragon da ake kiwo don Layya, ko ya jinginar da gefen gonar da ya gada. Ranar Alhamis da la'asar sakaliya sai ga babban ɗansa, wanda ke gyaran babur a Funtua, ya tsaya ƙofar gida da buhu biyu ɗaure a bayan mashin. Babu wanda ya aika masa. Ƙanensa ne kawai ya ambata masa a waya cewa masara ta canza launi. Ya sauke buhunan a zaure, ya durƙusa ya gaida mahaifinsa, ya shiga ciki ya gaida iyayensa mata, ya ci tuwo, da asuba ya koma bakin aikinsa.

Dattijon ya ce da ni, "Malam, wallahi da na shiga ɗaki na turo ƙofa, hawaye ne suka zubo mini. Yaron da nake saɓawa a kafaɗa in kai shi gonar nan, yau shi ne ya fitar da ita kunya." Na ce, "To Baba, shi me ka ce masa?" Ya yi shiru. Can ya ce, "Na tambaye shi ya hanya." Na ce, "Shi ke nan?" Ya ce, "Haba Malam, ɗan fari ne fa."

Wanda bai tashi a gidan Bahaushe ba zai yi mamakin wannan amsa, amma mu mun gane ta sarai. Kunyar ɗan fari ce. Uwa ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "yaron nan", ko "wannan", ko ta ce "kai" in ta rasa yadda za ta yi. Tun cikinsa ta koma gidan iyayenta goyon ciki, kakarsa ce ta tsaya kan wankan jego, bayan yaye kuma a gidaje da yawa kaka ko goggo ke ɗauke shi riƙo. Shi ya sa za ka ji yaro na kiran kakarsa Inna, mahaifiyar da ta haife shi kuwa ya kira ta Yaya. Uba shi ma ba ya jan shi da wasa gaban mutane, ba ya yabonsa, wani ko tabarma ɗaya ba ya haɗawa da shi. In auta ya kawo goro ƙwaya biyu, a yi ta shi masa albarka har maƙwabta su jiyo. In babba ya kawo buhu, sai a kawar da kai.

Ban zo gaban wannan na'ura don in zagi al'adarmu ba. Kara da kawaici su suka riƙe manyan gidajenmu, inda mata biyu ko uku ke zaune, uwa ta danne son ɗanta don kada ɗan abokiyar zamanta ya ji an ware shi. Akwai hikima a ciki, kuma ina girmama ta. Tambayata ɗaya ce: in baki ya yi nauyi, ta wace ƙofa godiyar iyaye za ta fita har ta isa wurin yaro?

A da tana da ƙofarta, kuma sunan ƙofar gandu. Matasa da yawa yanzu sunan kawai suke ji, don haka bari in ɗan tsaya a nan. A gandu, uba da 'ya'yansa maza, har waɗanda suka yi aure, gona ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya suke zubawa. Tun safe ake duƙawa har azahar. Daga nan ɗa ya wuce gayaunarsa, wato ɗan filin da uba ya yankar masa, ya noma abin da ya ga dama, kuma abin da ya fito nasa ne, babu mai tambayarsa. Akwai ranar hutun gandu, galibi Juma'a, ita ma tasa ce. Shi kuma uba akwai abin da ya hau kansa. Shi zai ba da iri da garma da fartanya. Shi zai ciyar da ɗan da iyalinsa daga rumbun gandu. Shi zai biya masa haraji. Shi zai yi masa auren fari, ya kuma yanka ragon suna in an yi haihuwa. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da birnin Katsina a 1967, ta fitar da littafi a 1972 kan zaman manoman Hausa. Cikin abin da ta lura da shi akwai cewa gandu yarjejeniya ce mai haƙƙi ta ɓangare biyu, kuma uban da ke da hali ya fi iya riƙe 'ya'yansa a gandu, uban da ya rasa abin sauke nasa nauyin kuwa 'ya'yansa kan watse da wuri.

Kun ga ke nan uban wancan zamani ko bai buɗe baki ya ce "na gode" ba, yaro ya ga godiyar da idonsa. Ya gan ta ranar da aka auna masa gayauna. Ya gan ta ranar da aka kai auduga fuloti aka karɓo kuɗi, uba ya kira shi ya ce a fara neman masa aure. Dattawan Funtua da Malumfashi suna tune da wannan zamani. Tun da layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa Funtua a ƙarshen shekarun 1920, da gidan gurzar auduga na kamfanin BCGA, kaɗa ta zama kuɗin shekara na magidancin wannan yanki. Dawa ta cika rumbu, auduga ta biya haraji, ta yi tufafin sallah, ta yi lefe. Kuɗin gida hannun uba suke fara shiga, daga hannunsa su gangara zuwa ga 'ya'ya.

Sai abubuwa suka fara juyawa. A tsakiyar shekarun 1970 aka kawo shirin bunƙasa noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin ukun farko a Nijeriya, tare da na Gusau da na Gombe. Ya zo da takin zamani da ingantaccen iri da hanyoyin karkara, masara ta fito daga bayan gida ta mamaye manyan gonaki. An samu alheri, babu musu. Amma masara ba ta san haƙuri ba. Dawa za ta iya jure maka talauci, ita kuwa masara in ba ka ba ta kamfa da yuriya a kan kari ba, kara za ka girba. Noma ya koma abin da sai da kuɗi a hannu tun kafin ruwa ya sauka: kuɗin iri, kuɗin taki, kuɗin huɗa, daga baya kuɗin maganin feshi da na 'yan ƙwadago. A 1979, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali. Talaka ya huta, sai dai ɗaya daga igiyoyin da suka ɗaure ɗa da gandun ubansa ta kwance. Masaƙun Kaduna da Kano suka yi ta rufewa, kasuwar auduga ta yi sanyi. Jama'a kuma ta ƙaru. Ƙidayar 1991 ta ba Jihar Katsina mutum kusan miliyan uku da dubu ɗari bakwai da hamsin, ta 2006 ta ba ta miliyan biyar da dubu ɗari takwas. Ƙasar noma kuwa ko taku ɗaya ba ta ƙaru ba. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma sha ke kallonta.

To uban da gonarsa ba ta kai ta ciyar da gida shekara ba, ina zai samo gayaunar da zai yanka wa 'ya'ya biyar? Dole babba ya fita. Wani ya kama acaɓa, wani yana dakon buhu a kasuwar Ɗandume, wani yana bin motar tumatir daga Ɗanja zuwa Kudu, wani ya kafa teburin POS a bakin tasha, wani ya tafi cin rani Abuja ko Legas ko Fatakwal, wani Allah ya taimake shi ya yi karatu ya samu aikin koyarwa. Ruwa ya koma gudu ta baya. Kuɗin da a da ke fitowa daga aljihun uba zuwa ga ɗa, yanzu daga wayar ɗa suke zuwa ga uba. A 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi goma sha uku na jihar nan saboda matsalar tsaro, har da Funtua da Bakori da Malumfashi, gidaje da yawa sun gane irin yadda tukunyarsu ta rataya a kan saƙon da ke shigowa ta waya. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, kowa ya san yadda kuɗin mota da na taki da na magani suka yi tashin gwauron zabo, kuma kowa ya san wayar wa aka fi bugawa a cikin gida.

Ni a ganina babban ɗan yau yana nan cikin gandu, ko da yana kwana a shago a Legas. Da guminsa ake noma gonar gida, da kuɗinsa ake cika rumbu. Abin da ya ɓace shi ne rabonsa: babu gayauna, babu ranar hutu, babu auren fari daga aljihun uba. An bar masa nauyin gandu, an kuma bar masa kunyar ɗan fari, ƙofar da godiya ke fita ta toshe. Shi ya sa nake jin samari suna cewa, "Duk abin da na yi, ba a gani." Wannan magana tana yi mini ciwo, don na san ana gani. Na san akwai uwar da ke tashi tsakar dare tana kiran sunan da ba ta iya faɗa da rana, tana kai shi gaban Ubangiji. Sai dai yaron bai ji ba. Shi abin da ya sani, in waya ta yi ƙara daga gida, to wata bukata ce ta taso.

Akwai waɗanda za su ce, ai wajibinsa ne, don me za a gode wa ɗa a kan wajibi? Gaskiya ne, bin iyaye da kyautata musu umarnin Allah ne, kuma babu ɗan da zai iya biyan uwa daren naƙuda guda. Amma mu duba yadda Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi. A Suratus Saffat an nuna mana lokacin da ɗansa ya kai munzalin fita aiki tare da shi. A daidai wannan gaɓa, da umarni mafi nauyi ya zo, uban ya kira ɗan da lafazin tausasawa, ya faɗa masa abin da ya gani, ya nemi jin ta bakinsa. A Suratul Baƙara an nuna mana su biyun suna ɗaga harsashin Ka'aba, suna addu'a da baki ɗaya. A surar da ke ɗauke da sunansa kuma mun ji shi yana gode wa Allah a fili da ya ba shi 'ya'ya a kan tsufa. Uba ne da ya ja ɗansa a jiki, ya yi shawara da shi, ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da shi. Hadisin nan da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, wanda ya ɗaure godiyar Allah da godiyar mutane, bai cire ɗan cikinka daga cikin mutane ba. Kuma addu'ar mahaifi ga ɗansa tana cikin addu'o'in da aka ba mu labarin ba a mayar da su. Dukiya ce a bakinka, Baba, wadda ba ta bukatar taki.

Saboda haka abu na farko da nake roƙo mai sauƙi ne. A faɗa masa ya ji da kunnensa. "Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka masu yi maka. Allah ya tsare maka hanyar abincinka." In kunya ta hana a dubi idonsa, a dubi ƙasa a faɗa. In ta hana gaba ɗaya, ai Bahaushe bai taɓa rasa ɗan aike ba. Ga kaka, ga goggo, ga baffa, ga aminin uba. A ce da shi, "Je ka faɗa wa yaron nan na ji daɗin abin da ya yi." Yanzu ma ga waya ta sauƙaƙa. Inna, ki sa ƙaramar 'yarki ta danna miki, ki yi masa saƙon murya. Ina tabbatar miki akwai wanda zai ajiye wannan saƙo yana saurare duk ranar da duniya ta yi masa zafi. Kuma a riƙa kiransa wani lokaci ba don komai ba, sai don a ji lafiyarsa, ya san ba kullum ne ƙarar waya ke nufin lissafi ba.

Yanzu zan shiga wurin da ya fi nauyi, ku yi mini haƙuri.

Wanda ya gode wa Allah da ɗa, zai tambayi ɗan inda ya samo. Mu a wannan yanki mun ga abin da ya faru a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da ɗari uku. Mun ga gonakin da aka bari ciyawa ta cinye a Faskari da Sabuwa da Ɗandume. Mun kuma san mutanen daji ba su rayuwa sai da 'yan cikin gari, masu kai musu mai da burodi da ƙwaya da labarin wanda ya sayar da hatsi. Waɗannan 'ya'yan wasu ne, kuma a wani gida suke ajiye kuɗin. In yaron da ka san sana'arsa ba ta wuce faci ba ya shigo maka da kuɗin da mai shago bai samu a shekara, kada daɗin buhu ya rufe maka baki. Zaunar da shi ka tambaya. Uwa, ke kika fi kowa sanin lokacin da idon ɗanki ya canza. Tambayar ba rashin godiya ba ce, ita ce ma ke nuna masa cewa shi ake so, fiye da abin hannunsa. Yaro mai neman halal kuwa daɗi zai ji, don zai samu damar faɗin wahalar da ya sha kafin ya haɗa kuɗin.

Sannan a mayar masa da gayaunarsa. Ba lallai sai fili ba. Gayaunar yau ita ce a bar masa wani abu daga samunsa ya gina kansa. Iyaye nawa ne suka san abin da ɗansu ke samu a wata, da abin da yake biya na haya da abinci a can inda yake? Muna ganin saurayi ya haura talatin bai yi aure ba, ko ya yi auren yana cunkushe a ɗaki ɗaya, saboda kuɗin makarantar ƙanne biyar a kansa, asibiti a kansa, taki a kansa, bikin 'yar baffa a kansa. Kuma zan faɗi wata gaskiya ko da ba za ta yi wa wasu abokaina daɗi ba. Akwai uban da in ya ga an ɗauke masa nauyin cefane, sai ya ga sarari ya samu na ƙaro aure, a sake sabuwar haihuwa, a ɗora wa wanda tun farko ya sunkuya. Aure halal ne, babu mai ja. Amma a yi shi da ƙarfin aljihun mai yin sa. Wasu kan kafa hujja da hadisin da ke nuna haƙƙin uba a dukiyar ɗansa. Malamai da yawa sun yi bayanin cewa wannan yana tare da sharaɗi: kada a cutar da ɗan, kada a ɗauki abin da shi kansa yake bukata, kada kuma a karɓa daga wannan ɗa a miƙa wa wancan. Ku tambayi malaman garinku, za su warware muku.

In na biyu ya tasa, a raba kayan. Kada a saba da cewa wane ne mai yi, sauran su miƙe ƙafa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma kada a mai da alherin babba bulalar dukan ƙannensa, kullum "dubi yayanku". Wannan yabo ne mai haifar da gaba, ranar da iyaye suka kau shi za a bari da ita.

Ga wani abu da na ga ya raba zumunci a gidaje fiye da ɗaya. Babban ɗa ya fanso gonar da aka jinginar, ko ya sayi shanun huɗa, ko ya rushe ɗakin ƙasa ya gina na bulo a gidan ubansa. Kowa ya yi murna, babu wanda ya ce komai. Bayan shekaru uba ya rasu, aka zo rabon gado, sai rigima ta tashi: kyauta ya yi wa Baba, ko rance ne, ko kayansa ne ya ajiye? Wanda zai raba gardama yana ƙasa. Iyaye, yana daga cikin godiya ku fayyace wannan tun kuna raye. A kira baffa da liman ko mai unguwa, a faɗa a gabansu, in da hali a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Takarda guda za ta iya tsare wa ɗanka mutuncinsa a gaban 'yan uwansa ranar da ba ka nan.

Duk abin da na faɗa, har da 'ya mace nake. A gidaje da yawa babbar 'ya ce ke riƙe da gida, ko da ba a faɗa. Wata ta yi makarantar ungozoma ta Malumfashi tana aiki a asibitin karkara, wata malamar firamare ce, wata tana ɗinki, wata tana suyar awara da ƙuliƙuli a gidan mijinta. Daga ɗan abin da take samu take ƙulle wani abu a bakin zane ta aiko wa Inna kuɗin magani, ta sayi takalmin ƙanenta, ta tara wa ƙanwarta kwanukan aure. Da yake a ɓoye take yi, kuma kaɗan-kaɗan, sai a ɗauka ba komai ba ne. In wanta ya kawo buhu sau ɗaya a shekara gari ya ji, ita da take kawo mudu kowane mako babu mai lissafawa. A shi mata albarka ita ma, a kuma gode wa mijin da ya bar ta ta yi. Amma a kula, ina maganar 'yar da ta girma ne. Yarinya 'yar shekara tara da aka ɗora wa farantin talla tana yawo a tasha har bayan isha'i, a lokacin da ya kamata tana aji ko tana barci, wannan ba ta kai ɗaukar gida ba, kaya aka ɗora mata kafin wuyanta ya yi ƙwari.

Ku kuma 'ya'yana da ƙannena da Allah ya ɗora wa wannan nauyi, kalma biyu gare ku. Ku koyi karanta harshen iyayenku. Ƙullin daddawa da kuka da yajin da kuke tararwa a ƙasan jaka in kun koma, magana ce. Uban da ya rako ka har bakin titi ya tsaya har motarka ta ɓace, magana ya yi. Sannan in za ka ba da, ka sa a hannun mahaifinka a keɓe, shi ya shiga gida ya raba, don ya ci gaba da zama maigida a idon iyalinsa. Kada ka bari ciyarwa ta sa muryarka ta fi tasa ƙarfi a tsakar gida, kuma kada gori ya taɓa fita daga bakinka.

Bayan kaka na sake bi ta ƙauyen nan. Masara ta yi kyau, an ɓare, an zuba. Na iske dattijon a zaure yana gyaran igiya, muka gaisa, na ce, "Baba, ya labarin mutumin Funtua?" Ya yi murmushi ya ce maganata ta hana shi barci. Da aka gama girbi ya aika a kira yaron, ya kuma kira ƙanensa, wato baffan yaron. Su uku suka taka har bakin fadama. Ya nuna da sanda ya ce, "Daga tsamiyar nan zuwa bakin rafi, a noma maka da rani. Abin da ya fito naka ne, ka fara tarin aure. Ba gado nake rabawa ba, gayauna ce, kamar yadda mahaifina ya yi mini." Ya ce daga nan sai ya ji harshensa ya yi nauyi, ya dubi ƙasa, ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Bai kama suna ba. Yaron ma bai ɗago kai ba, ya durƙusa a kan kunya ya ce, "Amin, Baba." Baffan ne ya juya baya yana goge ido da bakin rawani.

Da zan tafi, dattijon ya nuna mini fadamar daga nesa. An riga an yi kwami, ƙanen yaron yana ban ruwa, tumatir ya fara fure.